Hasumiyar fitilar teku da gidan mai gadinta: me ake zuwa gani?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina shirin tafiyar da za ta bi da ni ta wasu garuruwan bakin teku. Na sha ganin hotunan dogayen hasumiyoyin nan masu fitila da ke yi wa jiragen ruwa jagora, kuma na ji an ce ana gyara gidajen masu gadinsu a buɗe wa baƙi, har a kwana a wasu. Shin akwai abin gani da ya wuce hawa bene da ɗaukar hoto? Ta yaya zan zaɓi wadda zan je?"

Ɗan'uwa, akwai abin gani, sai dai yawancin masu zuwa ta gefensa suke wucewa. Na daɗe ina bin tsofaffin gine-ginen bakin teku, kuma kullum abu ɗaya nake gani. Mutum zai sauko daga mota ya nufi hasumiya kai tsaye, ya hau yana haki, ya ɗauki hoto iska na neman tafiya da hularsa, ya sauko, sannan ya leƙa gidan mai gadi na minti biyar, shi ma don a can ake sayar da tsaraba. Ni shawarata ka fara da gidan. In ka san yadda mutumin ya kwana, ya ci, ya sha, sannan ka hau matakalar da yake hawa sau da yawa kowane dare da garwar mai a hannu, hawan zai zama wani abu dabam.

Bari in fara da aikin da yake yi, don ba za ka gane ɗakunan ba sai ka san shi. Kafin zuwan lantarki, fitilar hasumiya 'yar'uwar fitilar gida ce, mai lagwani da mai, girma kawai ta fi ta. An fara da itace da gawayin kwal a buɗaɗɗen murhu, aka zo kyandir, aka zo kitsen manyan dabbobin teku da man shuka, kafin kananzir ya karɓe a ƙarshen ƙarni na 19. Hasumiyar Eddystone da John Smeaton ya gama a 1759 a tekun kudancin Ingila, kyandir 24 ne dukan haskenta. Duk wanda ya taɓa riƙe fitilar lagwani ya san halinta: ka ɗaga lagwani da yawa ta yi hayaƙi, ka rage ta dushe, in ba ka datse bakinsa ba kunkunniya ta rufe gilashi. To wannan shi ne aikin mai gadi daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, har a Amurka laƙabin da ake yi musu daga kalmar lagwani aka ciro shi. Gari na wayewa kuma sabon aiki ya tashi: wanke gilashi, goge tagulla, cika mai, rubuta littafin aiki, fenti. Gishirin teku ba ya barin ƙarfe ya huta, saboda haka fenti ba ya ƙarewa.

Abin da ya fi cancantar ka tsaya a kansa a saman hasumiya shi ne gilashin tattara haske. Wani Bafaranshe injiniya, Augustin Fresnel, shi ya ƙago shi, aka fara kunna shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. Kafin nan madubin ƙarfe ake sawa a bayan fitila, haske mai yawa ya tafi sama da ƙasa a banza. Dabarar Fresnel ita ce, maimakon gilashi guda mai kauri da nauyin da ba za a iya ɗauka ba, a yanyanka shi zobe-zobe, kowane zobe da kusurwarsa, ta yadda duk hasken da ya fito daga lagwani za a lanƙwaso shi ya miƙe zuwa inda sama ta haɗu da ruwa. In ka tsaya gaban babba daga cikinsu za ka ga kamar ƙatuwar amya ta gilashi, ta fi mutum biyu tsawo ko kusa da haka, faɗinta ya kusa mita 2, mutum na shiga cikinta ya tsaya. Matso kusa, amma kar ka taɓa, maiƙon yatsa na ɓata shi. Dubi gefen zobban: za ka ga ɗan kore-kore a tsohon gilashi, ka ga inda ya ɓantare, wataƙila wani ya buge shi da bakin garwa shekara ɗari da suka wuce. Leƙa ta tsakiyarsa, za ka ga teku ta kife, sama a ƙasa. An kasa su daraja-daraja, ta ɗaya ita ce babba ta manyan gaɓoɓi, ta shida ƙarama ta bakin tashar jirage.

Sannan ka duba ƙarƙashinsa. Gilashin da ke juyawa yana da inji irin na tsohon agogon bango: nauyi ne rataye da sarƙa ko igiyar ƙarfe yana sauka a hankali ta tsakiyar hasumiya, saukarsa ke juya gilashin. Da ya kai ƙasa sai a wana shi ya koma sama, a wasu wuraren bayan 'yan sa'o'i, a wasu ma ba ya kai haka. Wannan ramin ko bututun da za ka gani a tsakiyar matakala, hanyar nauyin ce. Daga shekarun 1890 aka fara ɗora gilashin a kan kwarin zaiba, ya yi ta iyo a kai, har abin da ya kai tan biyu ko uku a iya tura shi da yatsa. Zaiba kuwa guba ce, masu gadi suna tace ta da hannu suna shaƙar tururinta. In kuma ka ga labule a ɗakin fitila, ba na ado ba ne. Da rana gilashin na tattara hasken rana ya mai da shi tsakiya, yana iya ƙona fitilar, dole a rufe shi.

Juyawar nan ita ce sunan hasumiyar. Kowace da yadda take ƙyaftawa, don matuƙin jirgi ya ƙirga ya san inda yake. Eddystone ƙyaftawa biyu take yi a kowace daƙiƙa 10. Cape Hatteras ta Amurka sau ɗaya a daƙiƙa 7 da rabi. Fentin jiki shi ne sunanta na rana, shi ya sa wata fara fat, wata da ja-ja, ita Hatteras baƙi da fari a murɗe kamar igiya. Tsayi kuma lissafi ne, ba gasa ba. Saboda duniya a dunƙule take, fitilar da ke mita 50 sama da ruwa tana ɓacewa daga wanda ke daidai da ruwa a wajen kilomita 27, komai ƙarfinta. Amma a yi tsayin ya wuce kima shi ma matsala ne. Tsohuwar hasumiyar Cape Point ta Afirka ta Kudu, wadda aka kunna a 1860, an kafa ta sama da mita 200 a kan dutse, sai gajimare da hazo suka riƙa lulluɓe ta alhali ƙasa garau. Bayan jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutse a wurin a 1911, aka gina sabuwa a mita 87 kacal. Haka aka yi da tsohuwar Point Loma a San Diyego, ta yi aiki daga 1855 zuwa 1891 aka kashe ta aka koma ƙasa. Irin waɗannan da aka yi wa ritaya da wuri sukan yi daɗin ziyara, don ba a zo an cusa musu injinan zamani ba.

Yanzu gidan. Abu na farko da nake nema shi ne ruwan sha. Mutum yana zaune teku ta kewaye shi, ba ɗigon da zai sha. Bi indararo da ido daga rufi, zai kai ka ga tankin da aka gina a ƙarƙashin ƙasa ko a gindin ɗakin girki, da ɗan famfon hannu a kansa. Ruwan sama ne, ya wanko rufin da gishiri da kashin tsuntsaye suka sauka a kai, wani lokaci da fenti mai dalma. Na biyu, ɗan ƙaramin ɗaki na bulo ko ƙarfe da ke can gefe shi kaɗai. Mutane kan ɗauka makewayi ne. Ɗakin mai ne, an nesanta shi da gida da hasumiya tun da kananzir ya shigo, don tsoron gobara. Tsaya a bakinsa ka auna tazarar zuwa ƙofar hasumiya, ka ƙara yawan matakala, ka tuna da hannu ake ɗaukar man.

Na uku, duba gidaje nawa ne da yadda aka raba su. Babbar tasha tana da shugaban masu gadi da mataimaka ɗaya ko biyu, kuma ginin da kansa yana faɗa maka matsayi: na shugaba ya fi girma, mataimaka sukan raba gida ɗaya da bango a tsakani. Iyalai biyu ko uku a kan ɗan tsibiri, ba maƙwabci sai juna, yara na wasa tare, iyaye wani lokaci ba sa ga maciji. A Ponce Inlet ta jihar Filorida, wadda aka kunna a 1887, gidajen uku duk suna nan, kuma kaɗan ne wuraren da za ka ga tasha cikakkiya haka. A Heceta Head ta jihar Oregon kuwa an rushe gidan shugaban a 1940, na mataimakan ne ya tsira ya zama masaukin baƙi.

Dalilin da ya sa masu gadi suka zama uku a hasumiyoyin tsakiyar teku na Birtaniya ba mai daɗin ji ba ne. Wajen 1801, a hasumiyar Smalls da ke nesa da gaɓar Wales, mutum biyu ne ke gadi, Thomas Howell da Thomas Griffith, kuma an san ba sa jituwa. Griffith ya rasu. Howell ya ji tsoron in ya jefa gawar a teku a ce shi ya kashe shi, sai ya haɗa akwati ya ɗaure a waje jikin baranda, ya ci gaba da kunna fitila shi kaɗai har aka samu hanyar kai masa ɗauki. Bayan wannan aka mai da su uku. Duk da haka a Disambar 1900, a tsibiran Flannan na Sikotilan, ukun gaba ɗaya aka nema aka rasa.

Irin waɗannan hasumiyoyi na kan dutse a tsakiyar ruwa galibi ba a zama da iyali a cikinsu, iyali na gaɓa. Misalin da na fi so shi ne Bell Rock, wadda Robert Stevenson ya gina a kan falalen dutsen da ruwa ke rufewa yawancin yini, aka kunna ta a 1811. Ba a kai baƙi cikinta. Amma a garin Arbroath akwai ginin da aka yi a 1813 don iyalan masu gadi, da 'yar hasumiyar da ake aika sigina daga kanta, yanzu gidan tarihi ne. Ƙwallon ƙarfe ake ɗagawa a nuna lafiya lau. A can za a ba ka labarin cewa in matar mai gadi ta haihu, wando ake ɗagawa in namiji ne, riga in mace ce, uban yana hange da madubin hangen nesa daga kusan kilomita 18.

Kar ka ɗauka aikin na maza ne zalla. Mata da 'ya'ya su ne mataimakan da sau da yawa ba a biya, kuma a Amurka mata da dama sun gaji aikin bayan rasuwar miji ko uba. Ida Lewis ta Lime Rock a jihar Rhode Island ta ceci aƙalla mutum 18 da ɗan kwalekwalenta kafin rasuwarta a 1911. A Ingila, Grace Darling da mahaifinta sun tuƙa kwalekwale daga hasumiyar Longstone a 1838 suka kwaso waɗanda suka tsira daga jirgin Forfarshire. In ka ga akwatin katako mai ƙofa biyu cike da littattafai a wani gidan Amurka, ɗakin karatu ne mai yawo: daga 1876 hukumar ta riƙa zagayawa da su tasha-tasha, kowane da littafi wajen 50. Tsabtar da za ka gani kuma ba ƙarin gishirin masu gidan tarihi ba ne gaba ɗaya, sufeto kan faɗo ba sanarwa ya duba har ɗakin girki.

Ga inda nake so ka buɗe ido sosai, wato gyaran kansa. Kalmar "an gyara" tana ɗauke da abubuwa iri-iri. Yawancin gidajen nan sun yi shekaru a kulle bayan an mai da fitilu masu kunna kansu. Wannan sauyi ya faro tun da Gustaf Dalén na Suwidin ya ƙago bawul mai kashe fitilar gas da rana ya kunna ta da dare, har ya samu kyautar Nobel a 1912, sauyin kuma ya kammala a 1998 a Birtaniya, lokacin da masu gadi na ƙarshe suka bar Fair Isle ta kudu a Sikotilan da North Foreland a Ingila. Gidan bakin teku da ba a hura wuta a cikinsa ba ya daɗewa. Danshi ya shiga, katako ya ruɓe, ƙarfen da ke cikin bango ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa dutse. Wasu kuma gobara ta ci su, kamar gidan masu gadin Sent Ogastin a Filorida, wanda aka gina a 1876, ya ƙone a 1970, sai wata ƙungiyar mata 'yan sa-kai ta ɗauki shekaru tana tada shi. Saboda haka abin da ke gabanka yana iya zama na asali, ko na zamanin amma daga wani gida aka kawo, ko sabo da aka ƙera ya yi kama da tsoho. Duka ukun ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya.

Tambayi mai yi maka jagora abu biyu. Wace shekara aka mai da gidan? Domin gidan da aka zauna shekara 120 ya sauya kama sau da yawa, dole mai gyara ya zaɓi lokaci guda ya cire na bayansa. Sannan, a ɗakin nan mene ne na wurin tun asali? Wuri mai kyau zai amsa maka nan take, ya ce murhun nan da kabad ɗin bango na nan ne, gadon kuwa saye aka yi. Na taɓa shiga wani gida da aka cika da labule mai leshi da kwanukan tangaran jere, kamar gidan attajiri, na tambayi wane ne na mai gadin, aka rasa ko ɗaya. Mai gadin fitila ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne da ake yi wa canjin wurin aiki, kayansa ba su wuce abin da kwalekwale zai ɗauka ba. Ɗakin da ya yi maka kamar wayam ya fi kusa da gaskiya.

Bango ma yana tona asirin mai gyara. Tsohon gini da farar ƙasa aka ɗaure shi, ita kuwa tana barin danshi ya fita. In aka zo aka shafe shi da siminti da fentin roba, ruwan ya rasa hanya, sai ka ga fenti na kumbura, gishiri fari na fitowa a jikin bulo, ɗaki na warin rima. In ka ga an bar ɗan murabba'i a bango da aka kankare ana nuna launukan fenti hawa-hawa, ka san masu aikin sun yi bincike kafin su zaɓi launi.

Zaɓi kuwa ya danganta da inda hanyarka ta bi. In tsufa kake so, Hasumiyar Hakulis a garin A Coruña na Sifen tun zamanin Rumawa take, wajen ƙarshen ƙarni na 1, har yau tana aiki, ko da yake rigar dutsen da ke jikinta ta ƙarshen ƙarni na 18 ce. Hook a kudancin Ailan ta ƙarni na 13 ce, sufayen Kirista ne masu gadinta na farko, gidajen masu gadi na baya su ne wurin karɓar baƙi yanzu. Cordouan, wadda aka gama a 1611, har da ɗakin sarki da ɗakin ibada a ciki, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2021, kuma da jirgin ruwa ake zuwa lokacin janyewar teku, ka shirya jiƙa ƙafa. Ta Iskandariya da kowa ke ambato ba ta nan. Girgizar ƙasa ta gama da ita, Ibn Baɗuɗa ya same ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ko shiga ba ta yiwuwa, a gurbinta Sarki Ƙaitbai ya gina ganuwarsa daga 1477. In gidan ne ya fi damunka, Souter a arewa maso gabashin Ingila, ta 1871, da Portland Head ta jihar Maine, ta 1791 mai gidan masu gadi na 1891, ba za su ba ka kunya ba. A Afirka akwai Cape Agulhas ta 1849, a ƙarshen kudancin nahiyar, da Kaf Sifartel kusa da Tanja a Maroko, ta 1864.

Batun kwana iri uku ne: gidan da kake haya kai da iyalinka ku yi girkinku, masauki mai ɗakuna da karin kumallo, da tsarin 'yan sa-kai inda za ka zauna mako ɗaya ko fiye kana shara da karɓar baƙi. Ɗakunan kaɗan ne, ana kama su watanni kafin lokaci. Ka sani gidan da aka gyara don kwana an sa masa banɗaki da ɗumama ɗaki na zamani, ba shi ne zai koya maka tarihi ba, dare zai ba ka. Tambayi ko ƙahon hazo na wurin, wato wanda ke yi wa jirage gargaɗi da ƙara in hazo ya rufe, na aiki, don in ya fara ba ya duba agogo. Tambayi matakala: a tsohuwar hasumiyar Wicklow Head ta Ailan, ɗakin girki na can sama bayan taki 109, ka manta gishiri a mota ka ji a jikinka.

Sauran 'yan abubuwa ne. Da yawa suna rufewa a lokacin sanyi, gyara kan rufe hasumiya shekara biyu ko uku, iska mai ƙarfi kan sa a hana fita baranda ko da ka sayi tikiti, don haka bincika ranar da za ka je. Wasu suna auna tsayin yaro kafin su bar shi ya hau, kuma ba a yarda a goya shi ko a saɓa shi ba. Sa takalmi mai kama ƙafa, tattare doguwar riga, domin taki na ƙarshe yawanci tsani ne. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya tsaya a gidan, bai yi asara ba. Inda ake takawa a ƙasa lokacin janyewar ruwa, kamar tsibirin Sent Meri kusa da Whitley Bay, rubuta lokacin dawowar ruwa a hannunka, teku ba ta jiran wanda ya tsaya ɗaukar hoto.

In fitilar wurin na aiki har yanzu, koma bayan magariba ka tsaya nesa kaɗan, inda za ka ga hannayen hasken na share sama. Kafin ka bar wurin da rana ka tambayi yadda take ƙyaftawa, da dare ka riƙe agogo ka ƙirga da kanka ka ga ko ya yi daidai.